Cizon da Muka Kira Raunin Inji

Da sunan Allah nake farawa. Shi ya ba ni maigidana, Shi ya karɓe shi. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a kafin ya yanke masa hukunci, domin ni da na zauna da shi har yau ban iya yankewa ba.

Kada ne ya ciji maigidan nawa, Baban Salma. Na fara da wannan ne saboda shi ne abin da ban sani ba a yawancin kwanakin da na yi ina jinyarsa. An ce mini inji ne, ni ma na gaya wa kowa inji ne, har da likitoci.

Garinmu ƙauye ne a ƙasar Malumfashi, ba zan faɗi sunansa ba. A gabas da gari akwai babban tafki da ba ya ƙafewa, a bakinsa mazanmu ke noman rani, tumatir da albasa da masara. Akwai kadoji a cikinsa tun zamanin kakanni. Da hantsi ana ganinsu kwance a kan yashi, baki buɗe, suna shan rana, mata kuma suna wanki can gefe. Abin da kowa ya taso ya ji shi ne, kadan tafkin nan ba ya taɓa ɗan halak na garin. In ya kama mutum, to baƙo ne, ko kuma akwai magana a haihuwarsa. Liman ya sha cewa camfi ne. Mutane su ce gaskiya ne Malam, su koma gida su ci gaba da faɗa.

Shi kuwa Baban Salma, an haife shi ne bayan rasuwar mahaifinsa da tazara mai ɗan tsawo. Mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna, ta ce cikin nasa ne ya kwanta. Malaman lokacin suka karɓa, aka raɗa masa suna a gidan ubansa, ya ci gadonsa. Amma tun yana ƙarami, duk wanda ya yi faɗa da shi ya rasa abin faɗi, nan yake zuwa. Bai taɓa tayar mini da zancen ba. A gidan biki na ji shi, bayan aurenmu.

Ranar da abin ya faru ana tsakiyar zafin bazara. Aka aiko in zo ɗakin shan magani na garinmu. Na same shi a kan benci, hannunsa na dama naɗe da rigar wansa, Yaya Lawal, wanda suke gona ɗaya. Jini ya jiƙa rigar. Na ce me ya faru.

Yaya Lawal ya ce, "Bel ɗin injin ban ruwa ne ya fizge shi."

Ma'aikacin lafiyar ya kwance rigar. Daga wuyan hannu zuwa kusa da gwiwar hannu naman ya yage, ga kuma wasu ramuka a jere, sama da ƙasa. Ya tambaya ko injin na da tsatsa, aka ce e, ya yi masa allura. Ya wanke wajen, ya zauna ya ɗinke shi tsaf. Ba ni da abin da zan ce a kan mutumin nan sai alheri. Abin da aka gaya masa ya yi wa aiki.

Baban Salma yana gumi, amma ya ce masa, "Malam, da wannan ɗinkin naka ai da shagon tela ka buɗe a Funtua."

Muka yi dariya. Na lura tufafinsa a jiƙe suke har wuya, da laka a kansa da cikin kunnensa. Na ce, "Injin ai a tudu yake. Me ya kai ka cikin ruwa?"

Ya ce, "Faɗuwa na yi. Ke dai kawo mini ruwan sha."

A makon farko ɗinkin ya yi kyau, har masu zuwa dubiya suna yabawa. Sai zazzaɓi ya zo. Muka ce na sauro ne, domin mai kwana a bakin tafki ba ya rabuwa da shi. Na sayo magani a kemis. Zazzaɓin ya sauka da safe, la'asar na yi ya dawo da rawar ɗari, a cikin wannan zafin yana cewa in lulluɓe shi da bargo. Hannun ya fara kumbura, zaren ɗinkin ya nutse a cikin fata. In na taɓa wajen sai in ji kamar murfin tukunya.

Na ce mu koma a duba. Ya ce ciwo ai sai ya yi fushi kafin ya warke.

A mako na biyu ne wari ya fara. Zan wanke ɗaki, in sa turaren wuta, in dawo in ji shi. Wani ruwa mai duhu yana tsattsafowa ta tsakanin zaren. A nan shawarwari suka yi mini yawa. Gwaggona ta ce a dafa bagaruwa a riƙa gasawa. Wata maƙwabciya ta kawo zuma. Wani abokinsa ya ce yankan ƙarfe ba ya yin haka, wannan jifa ne, a binciki waɗanda suke iyakar gona da su. Aka kawo rubutu ya sha. Inna, da ƙyar take tafiya da sanda, kullum sai ta ƙetaro daga sashenta ta zauna a bakin ƙofa tana tofa masa addu'a, tana kiransa Auta kamar yadda ta saba.

"Auta, na ce ka rabu da injin nan tun bara. Tsoho ne kamar ni."

"To Inna ke ma ai ban rabu da ke ba."

Duk na yi abin da aka ce. Na gasa, na shafa, na ba shi ya sha. Ban san wanne ke taimako ba, wanne ke ƙarawa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne Yaya Lawal. Mutum ne mai surutu da faɗa, amma ya zo ya tsaya a tsakar gida ya yi shiru. Ba ya shiga ɗakin in ina ciki. In na fita sai in ji suna magana ƙasa-ƙasa, wani lokaci da zafi. Sau ɗaya na ji yana cewa, "Wallahi ni zan faɗa." Baban Salma ya ce, "In ka faɗa ban yafe ba." Na ɗauka zancen gona ne. Na kuma lura Yaya Lawal ya janye injin daga inda yake ya mai da shi can nesa, ya bar rabin albasar ta bushe, kuma da na tambaya ya ce mesar ce ba ta kaiwa.

Ranar da ya tashi zai yi alwala ya faɗi, ban sake neman izinin kowa ba. Na sayar da akuyata, Yaya Lawal ya samo mota, muka tafi asibitin cikin gari. Mun isa da sassafe, amma kafin a yanki kati, kafin layi ya zo kanmu, an yi azahar. Yana kwance a kan tabarma a baranda, kansa a cinyata, mutane suna matsawa daga kusa da mu saboda warin. Na ji haushinsu a lokacin. Yanzu ba na ji. Wata tsohuwa dai ba ta matsa ba, har ta ba ni maficinta.

Da muka shiga aka ce me ya same shi. Ni na amsa. Na ce bel ɗin inji. Suka warware zaren, abin da ya fito ba zan kwatanta shi ba. Suka ba mu gado, suka sa masa ƙarin ruwa, suka rubuta allurai. Wasu akwai su a asibitin, wasu sai an fita waje. Kowace safiya sabuwar takarda. Masarar da muka ajiye ta ci, buhu-buhu ta tafi. Ma'aikatan wasu da fara'a, wasu ka kira su ka gaji. Na gode wa na farkon, na yafe wa na biyun, domin na ga yawan mutanen da ke kansu.

Ya yi kamar zai samu sauƙi, ya sha kunu, ya tambayi yara. Sai kumburin ya haye gwiwar hannu, fatar ta fara baƙi. Suka ce allurar ba ta kama ciwon ba, ba su san dalili ba, mu wuce babban asibiti.

A can ne, a mako na huɗu, wata likita ta duba shi. Ba ta da yawan magana. Ta daɗe tana kallon hannun, ta juya shi, ta sa yatsa tana bin ramukan nan na jere. Ta kira ni waje.

"Hajiya, me kika ce ya ji masa ciwo?"

"Bel ɗin inji."

"Kin gani da idonki?"

"A'a. Amma shi ya faɗa, da wansa."

"Inji ba shi da haƙora sama da ƙasa. Wannan cizo ne. Akwai ruwa kusa da gonarku?"

Na ce akwai tafki. Ta ce akwai kada a ciki? Na ce akwai, amma ba ya cizon 'yan gari. Da bakina na faɗi haka. Ta dube ni, ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta ce, "Ki je ki tambaye shi. Maganin da zan ba shi ya danganta da amsar."

Na koma na zauna a gefen gadon. Rana ce tsaka, Yaya Lawal ya tafi salla. Na ce, "Baban Salma, likita ta ce cizo ne."

Ya juya fuskarsa bango. Na jira. Can ya ce, "Jawo labulen."

Ya ce ruwan tafki ya ja baya, shi ne suka matsar da inji kusa da wani tudun yashi. Ya ga alamar an tona yashin an rufe, ya ga sawun jan ciki, ya san macen kada ta binne ƙwai a wajen, domin lokacinsu ke nan. Ya kuma san mai ƙwai ba ta nisa, tana cikin ruwa tana gadi. Amma ya ce a ransa shekara nawa yana shiga ruwan nan. Bakin mesa ya toshe da ciyawa, ya shiga har ƙugu, ya sunkuya ya zura hannu. Ya ce bai ga komai ba, bai ji motsi ba, sai dai ya ji kamar an rufe ƙofar ƙarfe a kan hannunsa. Ta ja shi ƙasa ta fara juyawa da shi. Ya ce da ya yi gardama, da hannun ya cire, sai ya bi ta suka juya tare. Ya laluba da hagu har ya sami idonta, ya danna babban yatsa da duk ƙarfinsa. Ta saki. Yaya Lawal ya jawo shi ta wuyan riga.

Na ce, "To me ya sa ba ka faɗa ba?"

Ya ce, "Kin san abin da za a ce."

"A ce mana! Kai ka yarda da shi?"

"Ban yarda ba. Dabba ce, 'ya'yanta take tsaro. Amma Inna fa? A tsufanta a sake dawo mata da maganar nan? A bakin rijiya, a gidan suna, yara su yi waƙa da ita? Ta sha sau ɗaya saboda ni. Ya isa."

Ina son in yi masa ihu, ina son in riƙe shi. Na ce likita fa? Ya ce, "Ki gaya mata. Nan ba garinmu ba ne. Da na san ɗinkin ne matsala da tuni na faɗa wa wani a ɓoye. Na ɗauka ciwo ciwo ne."

Wannan kalma tasa ita ce dalilin rubutun nan. Ciwo ba ciwo ba ne kawai. Da na gaya wa likitar, ta rufe ido kaɗan, sannan ta yi mini bayani a hankali, kuma na riƙe shi. Ta ce bakin kada cike yake da ƙazanta, ragowar ruɓaɓɓen nama da dattin ruwan tafki, haƙoransa kuma suna tura wannan can cikin tsoka. Ta ce naman da ya matse yakan mutu daga ciki ko da waje ya yi kyau. Ta ce, "Irin wannan ba a gaggawar ɗinke shi. Buɗewa ake yi, a wanke da ruwa mai yawa, a yanke abin da ya mutu, a bar shi a buɗe ana dubawa, a ba da maganin da ya dace da ƙwayoyin cutar ruwa tun ranar farko. Ku kuwa an rufe dattin a ciki, an ba shi makonni."

Na ce yanzu fa? Ta ce, "Gubar ta shiga jini. Za mu cire hannun mu ga ko za mu tsira da mai hannun."

Ya ƙi da farko. Ya ce manomi ba hannun dama, ai sai bara. Yaya Lawal ya durƙusa a gaban gadon, babban mutum, yana kuka, yana cewa, "Ni zan zama hannunka. Don girman Allah ka yarda." Baban Salma ya ce, "Kai da ko kunyar noma ɗaya ba ka iya ja a miƙe?" Ya yarda. Aka nemi jini, Yaya Lawal ya ba da, ƙanena ya zo ya ba da, wani ɗan kasuwa mutumin kudu da ke jinyar matarsa a ɗakin gaba, wanda ban san shi ba, ya ji ana nema shi ma ya miƙa hannu. Yaya Lawal ya jinginar da gonarsa ta tudu. Aka yi aikin.

Bayan aikin ya farfaɗo. Har ya ci tuwo, ni na ba shi a baki. Ya ce yana jin yatsunsa suna ƙaiƙayi, in sosa masa, alhali babu su. Na sosa zanen gadon a inda ya nuna, ya ce yawwa. Na ɗauka mun haye. Na kira gida na ce a gaya wa Inna da sauƙi.

Sai fitsari ya ɗauke. Ƙafafunsa suka kumbura, idonsa ya yi rawaya, yana magana yana ɓacewa. Wani ya ce mini ƙoda ce, wani ya ce hanta, wani ya ce a kai shi wajen wankin ƙoda, wani ya ce jikinsa ba zai ɗauka ba. Na yi ta bin fararen riguna a baranda ina tambaya, kowa ya ba ni guntun amsa. Har yau ban san ko akwai wata ƙofa da ban ƙwanƙwasa ba.

Abin da ya faɗa mini na ƙarshe da hankalinsa shi ne, "Kar ki gaya wa Inna." Ban ce to ba, ban ce a'a ba. Ya rasu ranar Juma'a da hantsi. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon nan ya zama kaffara.

A zaman makoki kowa na cewa inji. Allah ya kiyaye mu da injinan nan. Ni ina sunkuye ina amsa gaisuwa, maganar tana ƙuna a ƙirjina. Ga mutane kullum suna shiga tafkin. Ga ruwa ya kusa sauka, lokacin da ƙwan zai ƙyanƙyashe uwar ta ƙara zafi. In na faɗa na ci amanarsa. In na yi shiru wani ya shiga. Na yi istihara ban ga komai ba. Yaya Lawal ya kafa ƙaya a wajen ya ce wa mutane akwai rami.

Ina cikin takaba, wata ranar da la'asar, Inna ta shigo ɗakina ta zauna a bakin gado, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta jingina sandarta. Ta ce, "Lawal ba ya iya kallon idona. Ke ma haka. Injin nan na sa an kawo mini shi na duba, bel ɗinsa ko tsinkewa bai yi ba. Ki gaya mini abin da ya ci mini ɗa."

Na sunkuyar da kaina.

Ta ce, "Na tafkin ne ko?"

Na fashe da kuka. Ita ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta ce, "Saboda ni." Ba tambaya ta yi ba. Ta ce, "Ni na ɗauki cikinsa, na san ɗan wane ne, Allah ya sani. Maganar mutane na ji ta ina da ƙuruciya ban mutu ba. Wa ya ce masa yanzu za ta kashe ni? Me ya sa bai tambaye ni ba?"

Ta ɗauki sandarta ta fita.

Washegari bayan sallar la'asar, tsohuwar nan da ba ta fita ko ƙofar gida, ta sa mayafi ta taka har bakin masallaci. Ni ina takaba ban je ba, Yaya Lawal ne ya ba ni labari, ya ce ya bi ta yana roƙonta ta koma, ta ce ya matsa. Ta tsaya daga nesa har maza suka fito. Ta ce, "Jama'a, ba inji ne ya kashe Auta ba. Kadan tafki ne ya cije shi, ya ɓoye saboda bakinku. Ku hana 'ya'yanku shiga gabashin ruwan. Wanda kuma yake da magana a kaina, ga ni, ya faɗa ina ji."

Ba wanda ya ce komai. Liman ya yi addu'a, aka shafa, aka watse. Mai gari ya sa aka killace wajen.

Saboda haka ne na ga ba sauran abin da zan ɓoye. Wanda kada ya kama, ko kare, ko maciji, ko ma me ne, ya gaya wa mai magani gaskiyar abin da ya same shi tun a sa'ar farko, ko da a kunne zai raɗa masa. Kar a yarda a ɗinke cizo a koma gida. Kar a jira wari. In ruwa ya ja baya aka ga an tona yashi an rufe, a yi nesa da wajen, ɗan gari da baƙo.

Na fita takaba, ina zuwa rijiya, ina zuwa gidan suna, ina kasa kunne. Salma tana zuwa makaranta, ina tambayarta ko wani ya ce mata wani abu. Har yau ba mu ji ko kalma ɗaya ba. Na so in ji daɗin haka, na kasa. Ban sani ba ko don ya mutu ne suka yi shiru, ko kuwa da ma ko yana raye ba za su ce komai ba.